Kyamara a Bakin Zare: Hoto Daga Sama Ba Tare da Jirgi Ba

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kuma duk inda aka sami fili a bayan gari za ku ga ƙannenku suna gudu da zare a hannu, leda tana rawa a sama. Da yawanku kun wuce wannan wasa, ko kuma kuna ganin kun wuce shi. To, yau a kansa za mu tattauna, domin shekara fiye da 130 ke nan manya masu gemu suna rataya wa wannan abin wasa kyamara, suna ɗauko hotunan da har yau ake ajiye da su a gidajen tarihi.

Yara suna ce masa jirgin leda, tunda da leda da tsinken tsintsiya suke haɗa shi. Na manya kuwa da takarda ko yadi ake yi, don haka a nan za mu kira shi jirgin zare. Turawan Ingila sunan shirwa suka ba shi, saboda yadda yake tsayawa cak a sama kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.

Da farko, mai son hoto daga sama sai ya shiga kwandon ƙaton balan-balan. Haka wani Bafaranshe da ake wa laƙabi da Nadar ya yi a 1858, sai dai hotunansa na farko sun ɓace. Hoton sama mafi tsufa da ya rage shi ne na birnin Boston a Amurka, wanda James Wallace Black ya ɗauka a 1860, shi ma daga balan-balan. Amma balan-balan kayan masu kuɗi ne: ga tsadar iskar gas, ga ma'aikata, ga kasadar rai.

Sai a 1888 wani mutumin ƙaramin garin Labruguière a kudancin Faransa, mai suna Arthur Batut, ya yi tunani mai sauƙi. Me zai sa mutum ya hau sama, alhali kyamarar kaɗai ake bukata a can? Ya haɗa babban jirgin zare, ya ƙera 'yar kyamara marar nauyi, ya ɗaure ta a jikinsa. Saura matsala guda: wa zai danna? Ku tsaya ku yi tunani kafin ku karanta gaba. Babu batir, babu rimot, kyamara tana can sama, kai kana ƙasa riƙe da zare.

Ga dabararsa. Ya sa roba tana jan murfin idon kyamarar, ya ɗaure murfin da siririn zare don kada ya motsa, sannan ya haɗa zaren da wani lagwani mai ci a hankali. Sai ya kunna lagwanin, ya saki jirgin. Kafin wuta ta cinye lagwani jirgi ya yi nisa. Da ta iso zaren sai ya tsinke, roba ta fizge murfin, hoto ya ɗauku. A daidai lokacin wata 'yar takarda takan kuɓuce ta yi ta lilo zuwa ƙasa, alamar aiki ya kammala. Daga nan sai ya naɗo zarensa, ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke, ya ga abin da Allah ya ba shi. Hoto ɗaya tal a kowane tashi! Ku da kuke ɗaukar kanku sau talatin kafin ku zaɓi guda, ku auna wannan haƙuri. A 1890 ya wallafa littafi a kan dabarar, kuma yau akwai gidan tarihi da sunansa a garin nasu.

Wanda ya kai abin ƙololuwa shi ne George Lawrence, wani mai ɗaukar hoto a Chicago. Shi ma da balan-balan ya fara, har wata rana kejin da yake ciki ya ɓalle ya faɗo da shi daga sama, wayoyin tarho suka tare shi ya tsira. Bayan wannan sai ya koma wa jirgin zare. Ranar 18 ga Afrilu, 1906, girgizar ƙasa ta afka wa birnin San Francisco, gobara ta biyo baya ta yi kwana uku tana ci, mutane kimanin 3,000 suka rasu. Jaridu sun buga hotunan rusassun gidaje, amma hoton da aka ɗauka a tsaye a titi, titi ɗaya yake nunawa. Girman ɓarnar gaba ɗaya ba mai iya ganinsa daga ƙasa.

A ƙarshen watan Mayu Lawrence ya iso da kyamara mai nauyin kilo 22, kusan nauyin jarkar mai ga-ruwa cike da ruwa. Jirgin zare guda ba zai ɗaga wannan ba, saboda haka jera su yake yi a kan igiya ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya, wani lokaci har goma sha bakwai. Igiyar ta ƙarfe ce, kuma ta cikinta yake tura lantarki ya danna kyamarar. Daga cikin jirgin ruwa a gaɓar birnin ya tayar da su. Hoton da ya fito ya fi mita ɗaya faɗi: unguwa bayan unguwa sun zama toka, tituna a miƙe babu gidaje a gefensu, rana tana faɗuwa a bayan teku. Ya riƙa sayar da kowane kwafi dala 125, ya tara kimanin dala 15,000, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani.

Yanzu mu zo ga kimiyyar abin, domin a nan daɗinsa yake. Ɗaga kyamara sama ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce hana ta rawa. Jirgin zare ba ya zama wuri ɗaya: iska ta ƙaru ya haura, ta ragu ya sunkuyo, ta karkata ya bi ta. Kyamarar da aka ɗaure a jikinsa duk wannan rawa da ita ake yi, kuma hoton da aka ɗauka cikin rawa dishi-dishi yake fitowa. Shi ya sa waɗanda suka biyo bayan Batut suka daina ɗaure ta a jikin jirgin, suka koma rataya ta a jikin igiya, can ƙasa da shi, inda fizgar ta yi sauƙi. Lawrence kuwa dogayen sanduna uku masu nauyi a baki ya maƙala wa tasa don su danne lilon.

Dabarar da ta fi kowace kyau, a ganina, ita ce ta wani Bafaranshe, Pierre Picavet, a 1912. Ku sami 'yan katako biyu ku gicciya su kamar alamar tarawa. A kowane baki na huɗun ku sa zobe. A jikin igiyar jirgin ku maƙala ƙugiya biyu, tazarar kamar mita ɗaya da rabi a tsakaninsu. Sai ku ɗauki dogon zare guda ɗaya mai santsi, ku riƙa zura shi daga ƙugiya zuwa zobe, daga zobe zuwa ɗaya ƙugiyar, haka har ya bi ta zobba huɗun, sannan ku ƙulle bakinsa biyu. Kyamara tana rataye a ƙarƙashin gicciyen. To, tunda zaren ba a ɗaure yake a zobban ba, zamewa yake yi a cikinsu, duk lokacin da igiya ta miƙe ko ta kwanta sai nauyin kyamarar ya ja gicciyen ya koma daidai, kamar yadda ruwa ke kwanciya daidai a kwano ko da an karkata kwanon. Babu inji, babu batir. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yau masu wannan sana'a da ita suke aiki.

Wannan fasaha ta iso Afirka da wuri. Tsakanin 1910 da 1914 wani attajirin mai haɗa magunguna, Henry Wellcome, ya ɗauki dubban ma'aikata suna tonon kayan tarihi a Jabal Moya da ke Sudan, inda aka gano kaburbura kusan 3,000 na mutanen da. Ya yi amfani da jiragen zare masu siffar akwati wajen ɗaukar hoton wurin daga sama, kuma ana lissafa aikin cikin na farko-farko da masu binciken tarihi suka yi haka. Wurin yana yankin Sennar, ba nisa da garin Mai Wurno, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903. Me masu tonon tarihi ke nema a sama? Bangon da ya rushe shekaru aru-aru yakan bar ɗan tudu wanda mai tafiya a ƙasa zai taka ya wuce bai sani ba. Amma da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta, ɗan tudun nan yakan yi doguwar inuwa, sai ka ga zanen gida ko na ganuwa ya fito sarai daga sama.

Wani zai ce duk wannan tsohon labari ne, yanzu ga tauraron ɗan'adam, ga jirage marasa matuƙi. To, ku saurari abin da ya faru a 2010. Ranar 20 ga Afrilu wani dandalin haƙar mai da ke aiki wa kamfanin BP a Tekun Meziko, kusa da gaɓar Amurka, ya yi bindiga. Ma'aikata 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana kwarara cikin teku. Hukuma ta taƙaita shawagin jirage ƙasa da mita 900 a yankin, saboda haka 'yan jarida ba sa iya matsowa su ɗauki hoto da kyau. Masunta suna ganin mai yana shiga ciyayin bakin ruwa inda kifi da jatan lande ke hayayyafa, amma ba su da hujjar nunawa.

Sai wasu 'yan sa-kai suka shiga kwale-kwalen masunta da balan-balan da jiragen zare da ƙananan kyamarori masu araha. Sukan yanke gorar lemo ta roba su sa kyamarar a ciki tana kallon ƙasa, don ko ta faɗo kada ta fashe, su saita ta tana ɗauka babu tsayawa. Sun tara hotuna fiye da 100,000, suka jona su a kwamfuta suka zama taswirar gaɓar, suka sake su kyauta ga kowa. Daga wannan aiki aka kafa ƙungiyar Public Lab, kuma daga baya har Google Earth ya karɓi wasu taswirorinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara aikin, Jeffrey Warren, a farkon shekarar ya yi irinsa a birnin Lima na ƙasar Peru, tare da mazauna unguwannin talakawa da ke neman hukuma ta amince da filayen da suke zaune a kai. Wannan shi ne ya sa na ce batun ya wuce wasa: wanda ke da hoton wuri daga sama, maganarsa ta fi nauyi a gaban hukuma.

Kuma kada ku raina ingancin hoton. Mu yi lissafi. Kyamarar yawancin wayoyin hannu, idan ta kalli ƙasa daga tsayin mita 100, tana ɗaukar fili mai kimanin mita 130 a tsawo da mita 100 a faɗi. Filin ƙwallo mita 105 ne da 68, kun ga ya shiga har da 'yan kallo. Hoton wayar yana da ɗigo kamar 4,000 a tsawonsa. Ku raba mita 130 gida 4,000, za ku sami santimita uku da 'yan kai a kowane ɗigo. Hotunan tauraron ɗan'adam mafiya kyau da ake sayarwa kuwa wajen santimita 30 ne a ɗigo guda. Wato jirgin zarenku ya fi tauraro gani kusan sau goma, kuma ku ne ke zaɓar ranar ɗauka.

Ta yaya za ku san tsayin da kyamara ta kai? A nan darasin alwatika da kuke hamma a cikinsa zai yi muku rana. Ku sa alama a igiya kowace mita goma tun kafin ku fita. Idan kyamara ta hau, ɗaya ya ɗauki ma'aunin kusurwa, rabin da'irar robar nan da ke cikin gwangwanin kayan lissafinku, ya auna kusurwar da ke tsakanin ƙasa da inda kyamarar take. Tsayi shi ne tsawon igiya sau sayin na kusurwar. Igiya mita 100 a digiri 30 ta ba da mita 50. A digiri 45, mita 71. A digiri 60, mita 87. Ku ɗan rage kaɗan, domin igiya ba ta miƙewa sak, takan yi ciki saboda nauyinta.

Idan kulob ɗin kimiyya na makarantarku zai gwada, jirgin leda na ƙannenku ba zai ɗaga waya ba. Waya takan kai giram 200, ga gicciye, ga gora. Kuna bukatar jirgi mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Masu wannan aiki sun fi son wani samfurin Japan mai kusurwa shida da ake kira rokkaku, saboda natsuwarsa a sama: sanda ɗaya a tsaye, biyu a gicciye. Tsagin gora ya fi kara, domin kara karyewa yake yi da iska ta matsa. Yadin tsohuwar laima ko leda mai kauri za su yi. Igiya kuwa ku nemi ta nailan irin ta masunta, kuma mai riƙe ta ya sa safar hannu mai kauri, don igiyar da babban jirgi ke ja tana yanka tafin hannu kamar reza. Kada a naɗa ta a yatsa ko a wuyan hannu.

Iskar da ake so ita ce wadda ke kaɗa ganye da ƙananan rassa ba tsayawa, tana miƙar da tutar makaranta. Idan har manyan rassa suna rangaji, a haƙura sai gobe. Ku fara tayar da jirgin shi kaɗai, ku sakar masa igiya kamar mita 30, domin iskar kusa da ƙasa a hargitse take saboda gidaje da itatuwa, ta sama ta fi tafiya daidai. Ku ba shi minti biyar ku ga zamansa. Sannan ku rataya ƙullin yashi mai nauyin wayar ku gwada. Sai yashi ya hau ya sauko lafiya sau biyu ko uku kafin a yi maganar waya. Wayar ma tsohuwa za a nema, da izinin mai ita, a cire layi. Wanda ya saci wayar yayarsa ya aika da ita sama, babu ruwan wannan fili da abin da zai biyo baya! Akwai manhajojin da ke sa waya ta riƙa ɗaukar hoto da kanta kowane daƙiƙa biyar, su ne lagwanin Batut na zamaninmu. Ku yi aikin da rana tsaka ko da hantsi, domin a haske mai ƙarfi kyamara takan ƙifta da sauri, rawa ba ta samun damar ɓata hoton. Duk da haka yawancin hotunan za su fito a karkace ko dishi-dishi. Haka abin yake ga kowa. A cikin ɗari uku in an sami ashirin masu kyau, an ci riba.

Sai abubuwan da ba a wasa da su. Wayar lantarki ita ce ta farko. Ku nemi filin da babu ita ko kusa, kuma idan tsautsayi ya sa jirgi ya maƙale a kanta, ku saki igiya ku bar shi, kada wanda ya ɗauko sanda ko ya hau turke. Idan hadari ya haɗu ko aka ji tsawa, a sauke nan take, domin jiƙaƙƙiyar igiya hanya ce ga aradu. Kada ku kusanci filin jirgin sama, barikin soja, ofishin 'yan sanda ko gidan yari. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a halin da ake ciki jami'in tsaron da ya hango kyamara a sama ba zai tsaya tambayar ko da zare take tashi ba. Saboda haka malami ya kasance tare da ku, shugaban makaranta ya sani, in a wajen makaranta ne a sanar da mai unguwa.

Akwai kuma wani abu da Batut da Lawrence ba su damu da shi ba, amma mu dole mu damu. Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Katanga da zaure suna kare tsakar gida daga idon mai wucewa, amma ba sa kare ta daga kyamarar da ke rataye a mita hamsin. A tsakar gida iyayenmu mata ke aikinsu a sake, kuma banɗakuna da yawa ba su da rufi. Wanda ba zai leƙa ta kan katangar maƙwabci ba, bai kamata ya aika da waya ta leƙa masa ba. Ku tsaya a filin makaranta, gona, fadama ko bayan gari, ku lura da inda iska ke kai igiyar. Hoton da gidan wani ya shiga ciki a goge shi a wurin, a gaban malami, kafin ya kai ga WhatsApp.

Abin ɗauka kuwa ba ya ƙarewa. Makarantu da yawa suna da kwazazzabon da zaizayar ƙasa ke faɗaɗawa kowace damina, 'yan Gombe sun san wannan sarai. Ku shimfiɗa fararen buhuna biyu a bakinsa, tazarar mita goma daidai a tsakaninsu, su zama ma'auninku a cikin hoton. Ku ɗauka yanzu, ku rubuta kwanan wata, ku sake ɗauka daga wuri guda bayan damina mai zuwa. Da rula kaɗai za ku iya faɗin mita nawa ruwa ya ci, da mita nawa suka rage kafin ya iso bangon aji. Shugaban makarantar da ya je sakatariyar ƙaramar hukuma da waɗannan hotuna biyu a hannu ya fi wanda ya je da baki kawai. Haka za ku iya ƙirga itatuwan da aka dasa a harabar makaranta ku ga nawa suka rayu, ko ku bi hanyar da ruwa ke kwanciya a filin wasa.

Kulob ɗin da ya gwada ya aiko mana da hoto ɗaya mafi kyau, tare da sunan makaranta, tsawon igiya, kusurwar da aka auna da tsayin da lissafi ya ba ku. Za mu duba lissafin kafin mu buga. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.